Gwaggona Matar Kofur da Takardun Fanshonta

Ranar sadakar ukun Gwaggo, sau uku aka yanke Fatiha a tsakiya. Liman zai ɗaga hannu mu ɗaga, sai a jiyo ƙarar babura daga wajen hanyar Turba, sai kowa ya ƙame da hannuwa a sama, idanu a bakin zaure. Haka za a tsaya har wani ya leƙa ya ce, "'Yan kasuwa na," sannan a sauke numfashi a koma farko. A karo na huɗu liman ya yi sauri ya shafa, mu ma muka shafa, kuma babu wanda ya ga laifinsa.

A Isa muka yi zaman makokin, a gidan surukina, inda muke raɓe tun da muka baro ƙauyenmu. Masu gaisuwa sun zo, amma biyu-biyu, uku-uku, kuma ba wanda ya yi nisa da takalminsa. Mutanen Kamarawa ba su jira abinci ba. Na Bafarawa a tsaye suka sha ruwa, suka ce in yi haƙuri, suna so su isa gida tun rana na sama. Wani tsohon soja ya taho daga Sabon Birni yana dogara sanda. Ya ƙi zama. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da ta rasu, ya haɗe ƙafafunsa iya yadda tsufa ya bar shi, ya sara. Ya daɗe hannunsa na gefen hula. Da ya sauke ya ce, "Matar Kofur ba ta san tsoro ba."

A cikin gida ma, in ji matata, abin da mata ke ta faɗa ke nan. Jaruma. Mai zuciyar maza. Wadda ta tsaya gaban 'yan bindiga ta faɗa musu magana.

Na saurara kawai, domin zaman makoki ba wurin gardama ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro. In aka bar ta haka, nan gaba jikokinmu za su riƙa tuna wata mace da ba a taɓa yi ba, ita kuwa ta gaskiyar ta ɓace. Ni ta goya, ni na san ta. Ban taɓa ganin mai tsoro irin Gwaggo ba.

Yayar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, Gwaggo ta zo ta ɗauke ni ta ɗaure a baya, ta tafi da ni gidan mijinta, ba ta kuma mayar da ni ba. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba. "Kai wanga" take ce mini, har na yi furfura, har na zama malamin Islamiyya ana ce mini Malam a gari.

Tana tsoron kwaɗo. Tana tsoron allura, in an zo rigakafi sai ta tuna tana da aiki a gona. Tana tsoron rijiya, tana tsoron mota in ta hau gada, tana tsoron duk takardar da ke da hatimi a jikinta. Kuma ba ta ɓoyewa. In abu ya taso wanda dole a yi, takan nemi wuri ta zauna, ta ɗora tafukanta a kan gwiwa, ta ce, "Bari in ji tsorona tukuna." Za ka ga leɓenta na motsi, kafaɗunta na ɓari. Ba a yi mata magana a lokacin. Can sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zani ta ce, "To, mu tahi." Tsoron bai tafi ba, yana nan tare da ita, tafiyar kawai take yi da shi.

Mijinta shi ne Kofur. Ya je yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da ƙarfe a ƙugu da ɗingishi, ya kama noma bai ƙara zancen yaƙi da kowa ba. Mutum ne mai haƙuri, amma in hadari ya haɗo da yamma aka soma tsawa, sai ya ajiye duk abin da yake yi ya rarrafa ƙarƙashin rumbu ya kwanta rub da ciki. Gwaggo, wadda ita ma tsawar ke kaɗa mata hanji, sai ta bi shi ta zauna a bakin rumbun cikin ruwa, ta riƙe idon sawunsa. Shi yana rawa, ita tana rawa. Na yi wayo ina zaton haka ake yi a kowane gida in an yi ruwa.

Da ya rasu, ɗan fanshon da yake karɓa ya tsaya. Wasu tsofaffin abokan aikinsa da suka zo gaisuwa suka gaya mata cewa matar soja tana da haƙƙi, sai dai sai an nema. Takardunsa na cikin wata kwalla mai murfi a ƙarƙashin gadonta: littafin sallama daga soja, da hotonsa cikin kaki, da wasu guntaye da suka yi ja don tsufa. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san kowace da hannu. "Mai ja-ja," "mai hoto," "wadda ɓera ya ci kunnenta."

Na ce mata ta bari, za ni riƙe ta. Ta ce ta sani.

"Amma ba ni son in riƙa tsayawa ƙofar ɗakin matarka in ina son sabulu," in ji ta. "Kuma abin ga ba kyauta ba na. Da ƙugunshi ya saye shi."

Shekaru muka yi muna zirga-zirga tsakanin ƙauye da Sakkwato. Lokacin hanya lafiya lau, wahalar ta ofis ce. A ce mu kawo shaidar aure, alhali aure ne da aka ɗaura a zaure da goro, kuma waliyyai da shaidu duk sun riga mu gidan gaskiya. Muka je gaban alƙali ta yi rantsuwa. Muka kai, aka ce mu dawo. Muka dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da aka kira ta ciki. Wani jami'i na zaune bayan tebur, wata ma'aikaciya a gefensa tana rubutu. Ya dube ta ya ce, "Mama, mene ne sunan mijinki?"

Gwaggo ta waiwayo ta dube ni. Tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ko wani mai irin sunan ya zo gidan, laƙabi take nema masa. Na buɗe baki za ni faɗa, jami'in ya ɗaga hannu.

"A'a, Malam. Ita za ta faɗa da bakinta. Ƙa'ida ce."

"Shina cikin takarda," in ji Gwaggo, muryarta can ƙasa.

"Na gani. Ke nake so in ji."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Gumi ya keto mata. Na ga ta duba ƙofa, na san tunanin gudu take yi, a bar fanshon a bar komai. Sai ma'aikaciyar nan, Allah ya saka mata, ta taso ta durƙusa kusa da ita ta kawo kunnenta. Gwaggo ta runtse ido. Sannan ta raɗa. Ma'aikaciyar ta miƙe ta ce wa jami'in, "Ta faɗa, kuma daidai ne."

A mota, muna komowa, kuka ta yi ta yi a cikin mayafi. Da muka wuce gada ma ba ta lura ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yau na kira shi kamar yaron gida."

Daga baya aka sa sunanta. Abin ba shi da yawa, amma nata ne. Takan sayi goronta da man shafawarta, ta saya wa 'ya'yana takalman sallah, kuma duk ranar Juma'a tana dafa wake da shinkafa ta raba sadaka, ladan ya kai ga mai rumbu, sunan da take kiran mijin da shi in ba na kusa. Sharaɗi ɗaya ne: lokaci-lokaci akan kira tantancewa, ta je da kanta da takardunta, a gan ta a tabbatar tana raye.

Sai duniya ta juya mana. Ba sai na ba mutanen ƙasarmu labarin yadda abin ya soma ba, kowa na da nasa. Da farko shanu ake korawa. Daga baya mutane. Aka daina zuwa gonakin nesa. Aka daina tafiya bayan la'asar. Muka koyi rarrabe kukan babur ɗaya da na babura da yawa tun suna nesa. Kuma abin da ya kasance mutuncin Gwaggo ya koma abin da zai iya kashe mu. An san cewa in suka sami mutum da wani abu na soja, ko bel ne, ba sa tambaya ta biyu. A gari kuma, waɗanda ba su taɓa ganin abin da take karɓa ba sun mayar da shi buhu-buhu a bakinsu. Wata rana wani maƙwabcinmu ya dawo daga wani ƙauye da ke gabas da mu, ya ja ni gefe bayan sallar azahar, ya ce an ji mutanen daji na tambaya wane gida ne gidan soja.

Ban shiga makaranta ba ranar. Na wuce ɗakinta kai tsaye na jawo kwallar daga ƙarƙashin gado, na nufi murhu, inda matata ta ɗora tukunya. Gwaggo na tsakar gida tana tsince wake. Ban san tsohuwa na iya tashi da sauri haka ba. Kafin in kai, tana tsaye tsakanina da wutar.

"Kai wanga, ina za ka da su?"

"Ƙona su za ni yi, Gwaggo. Takarda ba ta fi ran yaran ga ba."

"Aje."

"Ba ki ji abin da aka ce ba? Gidanmu suke nema!"

"Na ji tun jiya. Mata sun riga maza ji." Haƙoranta na haɗuwa tana maganar. "Kana zaton ka fi ni tsoro? Duk garin ga babu wanda ya kai ni. Kwana nawa ban ci abinci ya zauna mani ba? Amma bai bar ɗa ba, bai bar gini ba. In ka sa su wuta, mi za ya nuna an yi shi?"

Na ɗaga murya a kanta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce son kuɗi ne. Na ce in aka ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yana, ita ce. Ba ta rama ba. Ta miƙo hannu biyu kawai, ta tsaya haka har na gaji na saka mata kwallar. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata da fiye da "lahiya" ba. A rana ta huɗu na tarar ta naɗe takardun a leda, ta shimfiɗa su a gindin ƙwarya, ta jera daddawa a kai har baki. Ta ce duk wanda ya buɗe, wari zai kore shi. Ban ce na yarda ba, ban kuma sake taɓa su ba.

A cikin wannan hali ne ta yi abin da har yau nake mamaki. Akwai wata Bafillatana, tsohuwa kamarta, da ke kawo mana nono tun ina yaro. Ita ma mijinta ya yi soja, a layin ofis suka gane haka suka ƙulla ƙawance. Da aka kira tantancewa a shekarar, matar ta aiko cewa ba za ta je ba. Dajin ya hana su zama, garin kuma ya hana su shiga, domin a lokacin duk wanda aka ga alamar ruga a jikinsa, masu tsaron ƙofar gari na iya tsare shi, wani ma ba ya komawa. Gwaggo ta zauna ta ɗora hannu a gwiwa ta ji tsoronta. Sannan ta aika aka kira matar, ta kwance mata kitso ta sake mata irin namu, ta cire mata 'yan kunne da warwaro, ta ba ta zaninta da mayafinta. A shingen shiga Isa wani mai bindigar gargajiya ya leƙa fuskar matar ya daɗe yana kallo.

"Wagga fa?"

"Ƙanwata ta," in ji Gwaggo. "Kurma ta, ba ta ji. Asibiti za ni kai ta."

Ya bar mu muka wuce. Da muka yi nisa Gwaggo ta ce in tsaya, ta sauka ta yi amai a gindin wata bishiyar bedi. Ƙawar tata na riƙe da goshinta tana yi mata sannu da Fillanci.

Yanzu na zo ga abin da mutane ke ba da labari, wanda ni kaɗai na gani, kuma ban taɓa faɗarsa daidai ba sai yau.

Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo. An sake kiran tantancewa. Na roƙe ta ta bari a wannan karon, ta ce in ba ta je ba za su rubuta ta mutu. Muka fito da hantsi, don an ce sun fi tare hanya da sassafe da yamma. Ina tuƙa babur, tana baya, ƙwaryar daddawa a cinyarta, hannunta ɗaya ya damƙe rigata ta baya. Tun daga gida take karanta duk abin da ta haddace.

Ba mu yi rabin hanyar Isa ba suka fito daga cikin gero. Ban ƙirga su ba. Na ga bakin bindiga, na ga rawani ya rufe fuskoki, na taka birki. Wanda ya matso bai kai babban ɗana shekaru ba. Idanunsa jajaye.

"Ina za ku?"

"Isa," na ce.

Ya nuna Gwaggo da bakin bindiga. "Wagga tsohuwa mi take gare ka?"

Na tuna maganar maƙwabcina, na tuna abin da ke gindin ƙwarya, na tuna 'ya'yana. Sai na ji wata murya, kuma tawa ce, tana cewa, "Fasinja ta. Haya na ɗauko ta. Ban san ta ba."

A daidai lokacin na ji hannunta ya saki rigata.

Suka sauke mu. Ɗaya ya fizge ƙwaryar ya kife ta a ƙasa. Daddawa ta watse, ledar ta faɗo a sama. Wari bai kore kowa ba. Ya yage ledar, hoton ne ya fara fitowa, Kofur cikin kaki da hula, yana saurayi.

"Soja!" Na ji ƙarar bindigogi ana gyara su. Gwaggo ta zube zaune a kan turɓaya.

"Wane na wanga?" in ji mai jajayen idon.

"Mijina na."

"Ina shike?"

"Ya rasu tun kana goye."

"To ke ta mai cin kuɗin gwamnati. Ke muke nema." Ya juyo kaina. "Wanga kuma ɗanki na. Da shi za mu tahi, ki kawo abin da kika tara."

Biyu suka kama hannuwana. Na duba gero, na san in na shiga cikinsa ba lalle in fito ba. Gwaggo ce ta yi magana, muryarta na tsinkewa kamar ta mai zazzaɓi.

"Ɗana? Ni ba ni da ɗa. Tambayi wanda ya nuna maka gidana. Juya ta ni, duk gari an sani. Da ina da ɗa, da na hau babur ɗin haya?"

Juya. Kalmar da aka yi ta jifanta da ita a bakin rijiya tun tana amarya, wadda in ta ji ko a kan saniya aka faɗa sai ta bar wurin. Ita ce ta ɗauka ta ɗora wa kanta a gabansu.

Wani daga baya ya ce, "Gaskiya ta. An ce ba ta haihu ba."

Mai jajayen idon ya sake duba hoton. Ya ce, "Mutum nawa ya kashe?"

"Bai hwaɗa mani ba," in ji ta. "Ni dai na san har ya mutu, in an yi tsawa, ƙarƙashin rumbu yake shiga."

Wannan ita ce duk maganar da ake cewa ta faɗa wa 'yan bindiga. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta nuna yatsa ba, amsa tambaya kawai ta yi. Ya tsaya yana kallon hoton, ban san me yake gani ba. Sai ya cusa shi a aljihu. Tsohuwa ba za ta iya tafiyar daji ba, ɗan haya kuma ba shi da mai fansarsa. Suka ɗauki babur da wayata da takalmana, ɗaya ya buga mini gindin bindiga a kafaɗa, suka shige gero.

Gwaggo ta rarrafa tana tsince takardunta ɗaya-ɗaya, tana kaɗe musu ƙasa. Da ta miƙe na ga zaninta ya jiƙe ta baya. Ba zan faɗi wannan ba da ba ita da kanta ta riƙa ba mata labarin tana dariya daga baya ba. Ranar dai babu dariya. Na tuɓe babbar rigata na ba ta ta ɗaura. Ta ce, "Tahi gaba, kada ka dube ni." Haka muka taka har Isa, ina gaba ba takalmi, tana baya.

Na ɗauka ta fasa tafiyar ke nan. Washegari da safe ta ce in nemo mota. Muka bi ta Sabon Birni cikin jerin motoci har Sakkwato. Ta dangwala yatsa, aka rubuta tana raye. Da ta ce an ƙwace hoton, wata ma'aikaciya ta juyo mata da allon kwamfuta, sai ga Kofur a ciki da hularsa. Gwaggo ta matsa ta ƙura ido.

"Nan babu mai ɗauke shi?"

Aka ce babu. Ta gyaɗa kai.

Ba mu ƙara wata guda a ƙauye ba. Muka kwaso abin da ya kwasu muka dawo gidan surukina. Ɗaki ɗaya aka ba ta tare da 'yan matana. Muna gaisawa, ina kai mata goro, tana sa mini albarka, amma maganar hanya ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ni kuwa kullum tana nan. In ina koya wa yara hadisin biyayya ga iyaye sai harshena ya yi nauyi. Mutane na yaba mini cewa na yi dabara, ni na san ba dabara ba ce. Ban yi tunanin ceton kowa ba a lokacin, kaina na ceta. Kuma ina jin sakin rigar nan a bayana ko ina sallah.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Wata rana bayan azahar na shiga na tarar ita kaɗai, an jingina ta da bango. Na zauna a bakin tabarma. Na ga in ban faɗa yau ba, ba za ni samu wata ranar ba.

"Gwaggo, ki yafe mani abin da na hwaɗi bisa hanya."

"Mi ka hwaɗi?"

"Na ce ban san ki ba."

Ta dube ni. "Awo, na ji. To da ka ce ka san ni, da yanzu ina kake? Tun da suka hito nike roƙon Allah ya sa ka ce hakanan."

"Amma kin saki rigata."

"Na saki don kada su ga irin riƙon da na yi maka. Fasinja ba ta riƙe mutum haka."

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan tabarma. Ta bari na yi mai isata. Sannan ta ce, "Ni ta ke da abin neman gafara. Na ce ba ni da ɗa, kana tsaye kana ji. Tun ranar nan maganar ke ci na. Na ji tsoron yaran nan masu bindiga, amma tsoron wagga ya fi. Kada in tahi da ita a tambaye ni, a ce ke da aka ba amana kin ce ba a ba ki ba."

Na ce Allah ya san dalili. Ta ce ta sani, amma duk da haka.

"Kira mani matarka da surukinka. Ofis ya koya mani magana ba ta zama sai da shaidu."

Na kira su. Surukina ya tsaya daga bakin ƙofa, matata ta durƙusa. Gwaggo ta kamo wuyan hannuna ta ɗaga shi sama kaɗan, iya ƙarfinta.

"Ku shaida," in ji ta. "Abin da na hwaɗi bisa hanyar Isa ƙarya na. Ina da ɗa. Ga shi nan."

Surukina ya ce, "Mun shaida." Matata ta gyaɗa kai.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta cika. Ba za ni ce ta tafi tana murmushi ba, don ba haka aka yi ba. Ta ji tsoro. Ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata, idanunta na yawo a ɗakin. Na matsa kusa da kunnenta ina maimaita kalmar shahada, tana bi na a hankali, tana bi, har muryar ta tsaya.

Mun kai ta da sauri, mu kaɗan, domin maƙabartar na bakin gari kuma ba a gama girbe gero ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi mata addu'a yadda take, mace mai tsoro da ba ta taɓa fasa tafiya ba. Allah ya gafarta mata, ya gafarta wa mijinta, ya yafe mini. Allah ya sa hanyar da ta kama yanzu babu mai tare ta.